Idan Maigida Ya Kwanta, Uwargida Ta Bar Sana'a Ko Ta Ci Gaba?

Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a babban taron ƙungiya, Kontagora

 

Shugabanni sun ɗora mana nauyin mu bincika wata magana da ta yi ta yawo a majalisu tun bayan Sallah, watau wai akwai kuɗin da gwamnati ke biyan duk wanda ya bar aikinsa don jinyar mijinta ko matarsa. Har mun ji an ce wasu samari na zagawa gida-gida da fom, suna karɓar kuɗi. To jama'a, bari mu fara da ƙarshen maganar: babu wata doka ta tarayya a Nijeriya da ta yanka wa mai jinya albashi. Duk wanda ya zo muku da fom irin wannan, ku riƙe kuɗinku.

Amma maganar ba daga sama ta faɗo ba. Daga Ingila ta taso, ta bakin 'ya'yanmu da ke can. A can akwai alawus na mai jinya tun 1976, kuma sai a 1986 aka fara ba matan aure, bayan wata mata ta kai ƙara kotun Turai ta ci nasara. A shekarar kuɗi ta 2025, Fam 83.30 ne a mako, ga wanda ke jinya aƙalla awa 35 a makon. Sai dai akwai tarko. A waccan shekarar, in mai jinya yana aiki, kada abin da ya samu ya wuce Fam 196 a mako. Kafin watan Afrilu na 2025 ma Fam 151 ne. In ya wuce ko da sisin kwabo, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya tafi. A 2024 jaridun ƙasar sun yi ta bankaɗo labarin dubban mutanen da aka ce su dawo da kuɗi saboda sun ɗan tsallake wannan iyaka ba su sani ba. Daɗin daɗawa, tsohon da fenshonsa na gwamnati ya fi alawus ɗin yawa, ba a haɗa masa biyun. Kun ga ke nan ko a can, tsofaffi miji da mata zama suke yi da alƙalami suna lissafi: a yi aiki, ko a zauna a karɓi alawus?

Mu nan lissafinmu daban ne, domin babu alawus ɗin da za a rasa. Abin da ake rasawa shi ne sana'a.

An taɓa gwada wani abu a ƙasar Hausa, kada a ce ba a yi ba. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan nakasassu Naira 7,000 kowane wata a Jihar Jigawa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a doka Naira 5,500 ne. A Sakkwato ma gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta riƙa ba su Naira 6,500. Manufar ita ce a rage bara. Amma ku lura, mai lalurar aka ba, ba wadda ke wanke shi tana juya shi a kan gado ba. Ita ba a taɓa sa sunanta a takarda ba.

Sai kuma dokar hana nuna bambanci ga nakasassu, ko masu buƙata ta musamman kamar yadda ake cewa yanzu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, aka kafa hukumarta a 2020. Dokar ta ce a ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a fara sallamarsu a layin banki da asibiti, a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga. Wanda ya nuna musu bambanci, tarar Naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari. Kamfani kuwa Naira miliyan 1. Doka ce mai kyau. Mun karanta ta daga farko har ƙarshe, ba mu ga kuɗin wata-wata a ciki ba.

Yanzu mu zo gida. Akwai wani dattijo cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ya yi shekarunsa na aiki ya yi ritaya lafiya lau, hawan jini ya kada shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Uwargidansa ta yi shekaru tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu sari na zuwa har gida. Da ciwon ya zo sai ta kife tukunya, ta ce ba za a ce mijinta na kwance tana neman kuɗi ba. Kowa ya yaba mata, har da mu. Kafin wata shida ta sayar da injin markaɗenta, masu sari sun koma wani gida, ta fita daga adashi, ita ma baya ya fara ciwo saboda ɗaga shi. Ranar da muka je gaishe shi, maganin hawan jinin ya ƙare kwana tara.

Bari mu yi lissafi na misali, kowa ya sa nasa adadin. Mu ɗauka fenshon maigida Naira 40,000 ne, in ya zo kan lokaci. Magani da kuɗin mota zuwa asibiti su ci 25,000. In uwargida ta bar sana'a, 15,000 ke nan ya rage na abinci da wuta da sabulu har wata. Mu ɗauka kuma ribarta 2,500 ce a rana, kwana 26, ya kama 65,000. Ko da an ba wani yaro mai hankali 20,000 ya zauna da Baba daga hantsi zuwa azahar, gidan zai tashi da 60,000. Tsakanin 15,000 da 60,000 akwai maganin da ba zai yanke ba. Kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar zuwa Minna ko Bida ko Sakkwato ya zama wani ciwon na daban.

Mun san abin da za a ce. Za a ce jinyar miji lada ce, kuma gaskiya ne. Ba mu ce a bar shi ba. Wanka, tsarki, canza tufafi, waɗannan namiji ba ya son kowa ya gani sai matarsa, a bar mata su. Amma zaman gadi na rana, ba shi ruwa, kora ƙuda, taya shi hira, kai shi gashi, wannan ɗa ko jika ko almajirin gida zai iya. Iyayenmu mata, sana'ar da aka rufe wata shida ba ta dawowa yadda take. Ciwon shanyewar jiki kuma ba zazzaɓi ba ne, yakan ɗauki shekaru.

Akwai kuma wani tsoro da ya kamata mu kawar. Wasu tsofaffin ma'aikata na ɓoye shagonsu ko gonarsu, wai kada a ji a yanke musu fensho. Fensho haƙƙin aikin da ka riga ka yi ne. Noman masara ko waken suya, ko tireda a bakin kasuwa, ba ya rage shi, ko a tsohon tsari kake ko a na adashin gata da aka kawo a 2004 aka sabunta a 2014. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a dokar 2014, ma'aikacin da kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba saboda lalura, yana iya taɓa asusunsa tun bai kai shekara 50 ba. Wanda kuwa a bakin aiki ya nakasa, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi hanyar neman diyya ta hukumar NSITF, muddin wurin aikinsa na zuba kasonsa. 'Yan fenshon tarayya na tsohon tsari da ke hannun PTAD kuma, akwai hanyar tabbatar da suna raye ta wayar hannu, ba sai an ɗauki gurgu a mota ba. Yaran ƙungiya su taimaka da wannan, kyauta.

In uwargida ce ta kwanta, maganar ta fi zafi, domin yawancin matanmu ba su da fensho ko na anini. Kuma, mu faɗi gaskiya ko da za a ji haushi, namiji ya fi saurin cewa a mai da ita gidansu a yi mata magani. Mun gani da idonmu. Mun kuma ga dattijon da ya koma gadin dare don ya samu wuni da matarsa da ta makance, yana dafa mata da hannunsa. Allah ya saka masa.

Nan ne zamanmu na baƙunta ke ƙara mana nauyi. Kontagora ta riƙe mu, ƙasar Sarkin Sudan ba ta taɓa korar mai neman halali ba, wasunmu kakanninsu nan aka binne su. Amma dangin da za su karɓi jinya bi-da-bi suna Katsina, suna Gusau, suna Argungu, suna Kano. 'Ya'ya mata an aurar da su can. Sannan in tallafi ya zo, kamar Naira 5,000 na wata-wata na zamanin Buhari, ko Naira 25,000 na wata uku da aka sanar a 2023, daga rajistar mabuƙata ake ɗaukar sunaye, ita kuma a unguwanni ake haɗa ta. Wanda ba ya zuwa taron unguwa, mai unguwa bai san yana kwance ba, ba shi da lambar zama ɗan ƙasa, yaya za a yi sunansa ya shiga? A garinku na asali su ce ai ba ka nan, a nan kuma kai da kanka ka janye jiki kana cewa ba naka ba ne. Laifin nan rabinsa namu ne. Haka inshorar lafiya: dokar 2022 ta tanadi asusu na marasa galihu, har da tsofaffi da nakasassu, Jihar Neja kuma tana da nata shirin. A asibitin mazaɓarku za ku tambaya, ba wurin mai fom ba.

Masu cewa a tattara a koma gida, ba mu hana ba, amma a fara tambaya: masu sarin uwargida za su bi ta can? Gonar da ke nan wa zai duba? Dangin da ake taƙama da su, an ji daga bakinsu cewa za su yi, ko zato ake?

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara uku gaban taro. Na farko, sakatare ya buɗe littafi na gidajen da ke da mai dogon ciwo, a asirce, shi da shugaba da shugabar mata kawai za su gani. Na biyu, a ƙara Naira 500 a kan kuɗin wata na kowane memba, a ware shi don biyan mai zaman rana a irin waɗannan gidaje, kuma a hannun mai jinya za a damƙa kuɗin, ba a hannun babban ɗa ba. Na uku, matan ƙungiya su amince duk wadda jinya ta kama, a riƙe mata gurbinta na adashi wata uku, kuma a riƙa sayen kayanta kafin na waje.

Ma'aji ya nuna shakka kan na biyu, ya ce ko kuɗin watan da ake da shi yanzu sai an bi mutane har shago. Yana da gaskiya, kuma za a ba shi dama ya yi bayani bayan sallar la'asar, sannan a ɗaga hannu. Iyayenmu mata, ku ma za a ƙirga naku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.