DUKIYAR DA KE KWANCE A JUJI: JAWABI A TARON SHEKARA-SHEKARA NA ƘUNGIYA



An nemi in yi magana kan haƙar ma'adinai da ta ɗauke hankalin matasanmu. Ni kuwa zan ja hankalinku ne zuwa ga abin da ake barowa baya, wato tulin ƙasar da ake zubarwa bayan an niƙe dutse an wanke.

A shekarar 1947, masana a Amurka suka gano wata ƙwayar bakteriya a cikin ruwa mai tsami da ke tsiyayowa daga ramukan gawayi. Abincinta ba tuwo ba ne, ƙarfe ne da farar wuta da ke cikin dutse. Yayin da take ci, sai ruwan ya koma asid, dutsen ya ruɓe, ma'adinin da ke ɗaure a cikinsa ya narke cikin ruwa ko ya fito fili, a tace shi.

Ga misali daga nahiyarmu. A ƙasar Yuganda, mahaƙar jan ƙarfe ta Kilembe ta bar wani tulin ƙasa a kusa da garin Kasese. Shekara da shekaru ruwan sama na wanke gubarsa zuwa wajen Tafkin George. Ashe akwai kobalt a cikinsa, ma'adinin da ake yin batirin wayar hannu da shi. A 1999 aka fara zuba wannan ƙasa a manyan tankuna, ana juyawa, ana hura iska, bakteriya na aikinta. Haka aka yi ta fitar da kobalt har tulin ya ƙare. A Obuasi ta ƙasar Gana ma, a 1994 aka fara amfani da wannan dabara wajen saki zinariyar da ta ƙi fita daga dutse.

Sai dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan ba aikin zaure ba ne. Yana buƙatar injiniyoyi, da awo, da jari, kuma ba kowace ƙasa ce ta dace da shi ba. Mu tuna da 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda niƙan dutse a cikin gidaje.

Don haka ina roƙon ƙungiya abubuwa uku. Na farko, a hana niƙan dutse a gida, a kuma killace tulin ƙasar daga yara da rijiyoyi. Na biyu, kada a sayar wa baƙo tuli ko ɗaya sai an kai samfurinsa an auna. Na uku, asusunmu na tallafin karatu ya ware gurbi ga masu karanta ilimin ƙananan halittu, da sinadarai, da haƙar ma'adinai a jami'o'inmu na Zariya da Jos.

Ku da ke birane, ku ke da hanya da ta-cewa. Idan ba mu ilimantar da namu ba, wasu za su kwashe amfanin, su bar mana gubar.

Allah Ya yi mana jagora, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.