Jawabin ofishin magatakarda a bikin cikar ƙungiya shekara 20: tallafi da aikin da ba a faɗa ba



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayen ƙungiya na ɓangaren Najeriya da na Nijar, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, direbobi da 'yan kamasho, da ƙannenmu masu lodi da ke tsaye can baya, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya.

Ma'aji ya riga ya karanta lissafin shiga da fita, don haka ba za mu maimaita ba. Abin da muka roƙi shugaba ya bar mu mu taɓo shi ne wani abu da ba ya cikin littafi, amma duk wanda ya taɓa zama a teburin ofis ya san da shi, wato mutumin da ke karɓar tallafi a matsayin wanda ba shi da abin yi, alhali yana ɗan taɓa aiki a ɓoye. Wasu sun ce mana ranar biki ba ranar wannan magana ba ce. Mun ji, amma yau ce kaɗai ranar da ake samun mutanen Katsina da Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi a rumfa ɗaya.

Kowa ya san yadda muka zo nan. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, mu na hanyar Jibiya kuwa sai a Afrilu 2022 aka waiwaye mu. A tsakanin nan har mai aka hana kai wa gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba mu gama miƙewa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris 2024. Mai jari mai kauri ya riƙa cin jarinsa har ya ga bayan abin. Wanda jarinsa buhu biyar ne na wake ko barkono, ya wayi gari ba buhu ba kuɗi.

A rufewar farko ce muka kafa asusun taimakon juna. Ƙa'idar da aka rubuta, kuma da hannun wannan ofis aka rubuta ta, ita ce duk ɗan ƙungiyar da jarinsa ya karye za a riƙa ba shi wani abu duk wata har wata shida, da sharaɗin ranar da ya sami aiki ko ya koma kasuwa zai zo ya faɗa a tsayar. A lokacin mun ɗauka mun rubuta abu mai kyau.

Ga abin da ya faru. Wani ɗan'uwanmu mai iyali da yawa, ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba, yana cikin masu karɓa. Wani dare bayan lisha muka je tasha karɓar kuɗin wata a hannun wani direba, sai muka hango shi da buhun masara a ka, ana lodi. Ya gan mu, muka gan shi, kowa ya kau da kai. Washegari tun kafin mu buɗe ofis yana bakin ƙofa. Ya ce lodin nan sai mota ta zo, wani mako dare biyu, wani mako ko ɗaya babu, kuma abin da yake samu a dare ba ya wuce cefanen yini guda. Sai ya ce, "Malam, in na faɗa ku yanke mini duka. To, makon da mota ba ta zo ba fa, me zan ce wa yara?" Wallahi ba mu da amsar da za mu ba shi a ranar.

Amma a kan teburin nan da yake magana akwai takardar wata baiwar Allah, matar wani direbanmu da ya rasu, ta yi wata uku tana jiran a sami gurbi. Ita tun ranar farko ta faɗa mana da bakinta cewa tana ɗan yin ƙuli-ƙuli a gida, yaranta na kai wa tasha. Saboda wannan gaskiya da ta faɗa, kwamiti ya sa sunanta a ƙasa, aka ce ai tana da sana'a. Ƙa'idarmu ta saka wa wanda ya yi shiru, ta hukunta wadda ta yi magana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a wannan karon mu ne daddawar.

Maganar ba ta tsaya a asusunmu ba. Da yawa daga cikin gidajenmu sun shiga rajistar tallafin gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji. A Nijar a 2011 an kafa shirin da ya riƙa ba gidaje marasa ƙarfi jika goma na sefa duk wata har shekara biyu, galibi a hannun mata, kuma jihar Maraɗi na cikin inda aka fara. A Najeriya an yi na naira 5,000 a wata da ake biya duk bayan wata biyu, sannan a 2023 aka sanar da na naira 25,000 har wata uku ga gidaje miliyan 15. Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne, waɗannan shirye-shirye ba su hana mace yin ƙosai ko namiji tura baro ba. Na jika goman nan da na naira 5,000 har ƙarfafa wa mata gwiwa suka riƙa yi su shiga adashi su kama ƙaramar sana'a. Talaucin gida ake dubawa. Amma da masu rajista sun shigo unguwa sai ka ga ana tura akuya gidan maƙwabta, ana kifa kaskon suya, ana koya wa yara abin da za su faɗa. Mutum ya yi ƙaryar da ba a ma buƙace ta ba, don tsoro kawai. Wanda ya bambanta shi ne irin N-Power da aka fara a 2016, wanda ya riƙa biyan naira 30,000 a wata, domin shi an ce na matasan da ba su da aiki ne. Wanda ke da shago biyu a kasuwa ya cike takardar ya ce zaman kashe wando yake yi, wannan ya san abin da ya aikata.

Mun sha jin hujjar da ake kawowa, mu ma mun taɓa faɗarta a majalisa: ai kuɗin gwamnati ne, na kowa ne, manya na kwasa da buhu, don me za a dame ni a kan ɗan abin da na tsinta? Ba za mu ce ba a ga abin takaici ba. A Janairu 2024 an dakatar da ministar da ke kula da ayyukan jin ƙai a Najeriya kan zargin karkatar da kuɗi, aka kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci, talakan da bai ji ba bai gani ba shi ya sha wahalar jira. Sai dai ku duba da kyau. Kowane jerin sunaye yana da iyaka. In an ce mutum kaza za a ɗauka a gari, to sunanka da ya shiga ya ture na wani. Wanda aka ture ɗin kuwa ba babban mutum ba ne a Abuja ko Yamai, maƙwabcinka ne da kuke sahu ɗaya a masallaci.

Da abin ya dame mu, mun kai shi gaban malamanmu na ɓangarorin biyu, ga su nan zaune, in mun yi kuskure su gyara mana. Sun tuna mana cewa a cikin Suratul Kahfi an kira masu jirgin ruwan nan miskinai, alhali suna da jirgi kuma suna aiki da shi. Ke nan yin aiki ba ya fitar da mutum daga sahun mabuƙata in abin da yake samu bai kai masa ba. Wannan ya wanke mai lodi da mai ƙuli-ƙuli daga zargin cewa ba su cancanta ba. Amma malaman sun ce cancanta daban, ƙarya daban. Wanda aka tambaye shi kai tsaye ko yana da abin yi ya ce babu, ya dangwala yatsa ko ya rantse, ya ɗauki nauyin maganarsa. Sun kuma ce lalura gaskiya ce, amma tana da gwargwado. Mai neman abin da zai kai bakin salati yau ba ɗaya yake da wanda jarinsa ya dawo tun bara amma har yanzu yana zuwa layin karɓa da tsohuwar riga ba.

Yanzu ga ɓangaren da zai ɗan yi ɗaci, iyayenmu masu motoci da manyan rumfuna ku yi mana afuwa. Aikin ɓoye ba ya yiwuwa sai da mai ba da shi. Akwai a cikinmu masu neman irin waɗannan mutane da gangan, domin sun san wanda ke ɓoye aikinsa ba zai iya ɗaga murya ba. In ladan buhu kaza ne, sai a ba shi rabi, in ya yi magana a ce masa, ko in je in gaya wa ofis? Mun san wani yaro da buhu ya faɗo masa a ƙafa da dare. Da aka zo maganar kuɗin ɗori, mai kayan ya ce bai san shi ba, sunansa ba ya cikin masu lodin da ofis ya rubuta, shi kuma yaron ya kasa kawo ƙara don kada a ce ashe yana aiki. Ya yi jinya da kuɗin tallafin da yake tsoron rasawa. A ganinmu laifin mai kayan nan ya fi na yaron nauyi nesa ba kusa ba.

Mu ma a ofis muna da namu. Mutane kan zo su ce a rubuta musu takarda da hatimin ƙungiya cewa ba su da wata sana'a, don su kai wa masu rajista. Mun taɓa rubuta ɗaya saboda kunya da ganin girman wanda ya kawo roƙon, alhali mun san akwai babur da ake yi wa mai takardar kabu-kabu da shi. Mun yi nadama, mun kuma faɗa wa shugaba. Hatimin nan shi ne muke nunawa a gaban kwastan da duwan in an riƙe kayan ɗan ƙungiya. Ranar da aka gane yana hawa kan ƙarya, babu wanda zai ƙara saurarenmu a shinge.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Turai sun ba mu labarin yadda ake yi a can, domin su ma suna fama da wannan matsala. A Faransa mai karɓar tallafin marasa ƙarfi yana bayyana abin da ya samu duk wata uku. A Ingila, tun ƙarshen 2021, in mai karɓar tallafi ya sami aiki ba a yanke masa gaba ɗaya, sai dai a kowane fam 100 da ya samu a rage fam 55 daga tallafin, wasu masu 'ya'ya ma akwai adadin da za su fara samu kafin a soma ragewa. Ba mu ce komai nasu daidai ne ba, can ma ana ɓoyewa ana kamawa. Abin da muka ɗauka kawai shi ne, in faɗin gaskiya ba zai bar mutum hannu rabbana ba, zai fi sauƙin faɗa.

Saboda haka ofis, da yardar kwamiti, yana kawo shawarar a gyara ƙa'idar asusu. Wanda ya sami aikin da ba na kullum ba, irin lodi ko dako ko rakiyar kaya, ya zo ya faɗa, ba za a taɓa tallafinsa ba a wata ukun farko. Bayan nan, in aikin ya zauna, a rage rabi, ba a tsayar gaba ɗaya ba, rabin da aka rage kuma ya tafi ga na gaba a layi. Ƙaramar sana'ar cikin gida ba za ta ƙara sa a mayar da sunan mace baya ba, baƙi nawa take ciyarwa za a duba. Duk mai ɗaukar masu lodi ya kawo sunayensu ofis ya biya su ladan da aka yanke, in wani ya ji rauni a bakin aikinsa nauyin na kansa. Takardar shaida kuwa za mu ci gaba da rubutawa, amma abin da muka sani kawai za mu rubuta: wane ɗan ƙungiya ne, jarinsa ya karye a lokaci kaza, yanzu yana ɗan yin kaza, ba ya isarsa. Mun gwada irin wannan takarda sau biyu, duka an karɓa.

Akwai masu cewa a kafa 'yan sa ido su riƙa kawo rahoton masu ɓoyewa. Ofis bai goyi bayan wannan ba. Mun ga yadda tsegumi ke raba abokan ciniki na shekara da shekaru, kuma galibi wanda ke kawo rahoton yana da wata a ƙasa tsakaninsa da mutumin. Abin da muka fi so shi ne a buɗe ƙofa ta wata guda daga yau: duk wanda ya san akwai abin da bai faɗa ba ya zo shi kaɗai, ba za a karanta sunansa a taro ba, ba za a ce ya dawo da abin da ya riga ya ci ba. Wanda Allah Ya buɗa masa daga baya, in ya ga dama ya mayar da wani abu cikin asusu, ma'aji zai ba shi rasit ba tare da an rubuta dalili ba.

Game da mutanen nan biyu, kwamiti ya zauna ya bar wa ɗan'uwanmu mai lodi tallafinsa har ƙarshen wa'adinsa, wasu alhazai uku kuma suka ɗauki nauyin matar marigayi har gurbi ya samu. Allah Ya saka musu da alheri. Amma ba kullum za a sami alhazai uku ba, shi ya sa muke son a gyara rubutun.

Za a kaɗa ƙuri'a kan wannan gyara a babban taro mai zuwa. Mun manna kwafinsa da boko da ajami a ƙofar ofisoshinmu na ɓangarorin biyu, wanda ba ya karatu ya zo mu karanta masa. Mai gyara ko ƙari ya kawo kafin ranar taro, a rubuce ko da baki, za mu shigar.