Safarar Mutane: Dillalin Ɗan Unguwa Ne

Yau ba maganar zaɓe ta tara mu ba.

Idan aka ce safarar mutane, da yawanmu sai mu tuna Edo da Italiya, mu ce wannan ai matsalar 'yan kudu ce. To mu duba gida. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da ƙananan yara, akasari daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa irinmu. A 2019 kuma 'yan sanda sun gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Onitsha, aka sauya musu suna da addini. Wanda ya jagoranci aikin, Paul Owne, kotu ta yanke masa shekara 104 a 2021.

Amma satar yaro a titi ba ita ce hanyar da ta fi yawa ba. Wadda ta fi yawa tana shigowa gida da sallama. Wata Hajiya ce da kowa ya sani, ta zo ta ce wa uwa, “Ki ba ni yarinyar nan, akwai aikatau a Saudiyya, ni zan yi fasfo da biza da kuɗin jirgi, ta biya a hankali.” Uwa tana ganin kayan ɗaki sun samu. Yarinya na sauka a karɓe fasfonta, a ce bashi ya kai kaza, albashin wata da watanni ya tafi wurin dillali. Bizar Umara ce aka shigar da ita da ita, wa'adi na ƙarewa ta zama ba ta da takarda, ba ta iya kai ƙara ko'ina don tsoron kamu. Wannan bashin shi ne igiyar. Don haka duk wanda ya ce zai biya maka komai amma ba zai nuna maka takardar aiki da sunan wanda za ka yi wa aikin ba, ko ya ce kada ka faɗa wa kowa sai ka isa, ka tsaya ka yi tambaya.

Mu maza kuma namu tarkon Libiya ne. Daga Kano a bi Damagaram zuwa Agadas, a hau bayan Hilux a ratsa Sahara zuwa Sabha. A can ne ake tsare mutum, a buga wa iyayensa waya yana ihu ana dukansa, a ce su turo kuɗi. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon yadda ake gwanjon mutane a Libiya. Nijar ta yi dokar hana fasa-ƙwaurin baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a ƙarshen 2023, ke nan hanyar ta sake buɗewa. Na san abin da wani zai ce, zaman banza a gida ma ai mutuwa ce. Na yarda rashin aiki ne ke tura mutane, kuma wannan nauyi ne a wuyan duk mai riƙe da mulki, kowace jam'iyya yake. Sai dai mai zaman kashe wando yana iya tashi gobe ya nemi sana'a, wanda aka kulle a Sabha sai an sayar da gonar gidansu.

Akwai kuma wadda muke yi da hannunmu ba ma kiranta da sunanta. Yarinya 'yar shekara tara a ɗauko ta daga ƙauye tana wanke-wanke a birni, kuɗin yana shiga hannun matar da ta kawo ta. Dokar 2015 ta hana safarar mutane ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida, kuma akwai ɗauri. Wasunmu a nan akwai irin yaran nan a gidajensu, mu faɗa wa juna gaskiya.

Me za mu yi? Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana da ofis a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Idan ka ga alama, ka kai rahoto can ko wurin 'yan sanda, ka sanar da mai unguwa. Kada ka tara matasa a je a yi wa dillali duka, yin haka kan ɓata shaida, shi kuma ya samu hanyar zillewa. A adana lambar wayarsa, saƙonnin WhatsApp da rasit ɗin duk kuɗin da aka tura.

Wadda kuma ta dawo, don Allah a daina yi mata gori. Gorin nan ne yake sa ta yi shiru, dillaliyar kuma ta koma gida na gaba. Ina roƙon kowane shugaban matasa na mazaɓa ya zauna da limamai da masu unguwanninsa kafin 30 ga Yuli, ranar yaƙi da safarar mutane ta duniya, a roƙi limaman su yi huɗuba a kai, shugabannin mata kuma su ɗauki maganar zuwa gidajen biki da Islamiyyu, don can ne Hajiyar take samun yaran.