Yadda Gunkin Ba'al Ya Shiga Cikin Banu Isra'ila Ta Ƙofar Fada

Zamanmu na yau a kan shirkar Banu Isra'ila ne da abin da ta jawo musu. Ƙissar Annabi Ilyas (AS) da gunkin Ba'al tana cikin Suratus Saffat a taƙaice. Sauran bayanin na littattafan Ahlul Kitabi ne da abin da masu tonon tarihi suka gano, sai a ajiye kowanne a matsayinsa.

Mutanen nan ba su taɓa tashi rana ɗaya suka ce sun bar Allah ba. Ƙara masa abokin tarayya suka yi, kuma daga fada abin ya faro.

Bayan wafatin Annabi Sulaiman (AS), wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daular ta rabu biyu: Yahuza a kudu mai riƙe da Baitul Muƙaddas, da Isra'ila a arewa. Sarkin arewa na farko, Yerobowam, ya lura cewa muddin talakawansa na zuwa ibada Baitul Muƙaddas, to wata rana zukatansu za su koma ga sarkin kudu. Sai ya sa aka ƙera maruƙa biyu na zinare, ɗaya a Betel, ɗaya a Dan, ya ce wa jama'a an rage musu wahalar tafiya. Wato aikin Samiri ya dawo, amma wannan karon da hatimin hukuma.

A zamanin sarki Ahab, wanda ya hau mulki wajen shekara ta 874, abin ya kai maƙura. Ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, mutanen bakin teku masu jiragen fatauci da dukiya. Amarya ta tare da gunkinta, ango ya gina masa ɗaki a Samariya, babban birninsa. Amma ku duba, 'ya'yan Ahab da suka gaje shi, Ahaziya da Yehoram, sunayensu ɗauke suke da sunan Ubangijin Isra'ila. A ganinsa bai yi ridda ba, haɗin kai kawai ya yi da maƙwabta.

To me talaka yake nema wajen Ba'al? Ruwan sama. Allunan da aka fara tonowa a Ras Shamra ta ƙasar Siriya a 1929 sun nuna Kan'aniyawa sun ɗauke shi a matsayin mai hadari da tsawa. Ƙasar kuwa ba ta da kogi irin Nilu da za a dogara da shi, in damina ta ƙi, sai yunwa. Masu karatun fiƙihu ma za su tuna a babin zakka ana kiran shukar da take rayuwa ba tare da ban ruwa ba da suna ba'ali. Don haka manomi ya raba lamarin: ibadar kakanni ta Allah ce, gona kuwa ta Ba'al. Tsoron yunwa ne ya tsaga tauhidinsa gida biyu.

A nan Allah Ya aiko Ilyas (AS). Azabar da ta sauka kuwa ta daki daidai inda suka dogara, aka ɗauke ruwa kimanin shekara uku. Mai hadarin bai iya ɗigo da ko ɗigo ɗaya ba. A ruwayarsu, Ilyas (AS) ya tara jama'a a Dutsen Karmel, kusa da Haifa ta yau, shi kaɗai gaban bokayen Ba'al 450. Bai tuhumi jama'ar da cewa sun ƙi Allah ba, ya tuhume su da tsayawa tsakani, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Bokayen suka wuni suna kururuwa suna tsaga jikinsu, babu amsa. Ya yi addu'a, wuta ta sauko ta cinye hadayarsa, sannan ruwa ya kece.

Kada wani ya zaci fada ta tuba. Yezebel ta yi rantsuwar kashe shi, sai da ya gudu jeji. Kuma a wannan fada ce aka ƙulla wa wani talaka, Nabot, shaidar zur, aka jefe shi, don kawai ya ƙi sayar wa sarki gonar inabin da ya gada. Wanda ya iya ƙera wa mutane abin bauta, ƙwace gona ba zai ba shi wuya ba.

A shekara ta 722 Assuriyawa suka ci Samariya. Sarkinsu Sargon na biyu ya rubuta da alfahari cewa ya kwashe mutum sama da 27,000. Daular arewa ba ta sake tashi ba.

Mutanen kudu sun ga wannan da idonsu, sai suka fassara shi a karkace: an ci arewa ne don ba su da Ɗakin Allah, mu kuwa muna da shi. Wannan ruɗin ne Armiya'u, wanda Ahlul Kitabi ke kira Irmiya, ya tsaya a ƙofar Ɗakin yana rusawa. Ya ce musu ba zai yiwu mutum ya yi sata, ya yi kisa, ya danne maraya da gwauruwa, ya ƙona wa Ba'al turare, sannan ya shigo Ɗakin ya ce ya tsira ba. Malaman fada kuwa suna ta yi wa sarki bushara da zaman lafiya. Shi aka yi masa duka, aka ɗaure shi, sarki Yehoyakim ya yayyanka takardar gargaɗinsa da wuƙa ya jefa a wuta, daga baya aka zura shi cikin rijiya mai laka.

Bukhtanassar sarkin Babila ya kwashi kashin farko a 597. Shekara goma ko sha ɗaya bayan nan ya dawo, ya rushe ganuwa, ya ƙone Ɗakin. Sarki Zadakiya an yanka 'ya'yansa a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Malaman tafsiri da dama suna ambaton wannan waƙi'a a bayanin farkon Suratul Isra'i.

Ragowar da suka tsira suka gudu Masar, suka tafi da Armiya'u ba da son ransa ba. A can ya tarar matansu suna toya waina suna ƙona turare ga wata da suke kira sarauniyar sama, da sanin mazajensu. Da ya yi musu magana, sai suka ce a lokacin da suke yi mata hidima suna da abinci wadatacce, tun da suka daina ne yunwa da takobi suka same su, don haka ba za su saurare shi ba.