Matuƙin Ƙaramin Jirgi da Kujerar Babban Jirgi

Duk manomin da ke aiki a filayen noman rani na Kura da Bunkure ya san bambanci tsakanin ruwa iri biyu. Akwai na ƙaramin magudanar da ke bakin gonarsa: da ya fasa kunya da fartanya, nan take ruwa ya shiga, da ya toshe kuma ya tsaya. Akwai kuma na babban magudanar da ya taso daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Wannan ruwa, in an buɗe masa ƙofa, sai bayan sa'o'i yake isowa gonaki, in kuwa an rufe, wanda ya riga ya kamo hanya ba ya komawa. Mai kula da shi dole ya yanke shawara tun buƙata ba ta taso ba.

To, haka al'amarin yake tsakanin ƙaramin jirgin sama da babba. Ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ake feshin tsuntsayen jan-baki da shi a gonakin Arewa, ko irin wanda ɗalibai ke fara koyo da shi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, yana amsa wa matuƙinsa kamar doki mai jin linzami. Cessna 172, alal misali, nauyinsa bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, yana kuma sauka da gudun kimanin kilomita 120 cikin sa'a. Boeing 707 kuwa, wanda ya daɗe yana jigilar alhazai daga Kano, yakan kai tan 150 in an cika shi, gudun saukarsa kuma ya ninka na ƙaramin.

Sai dai ba girman ne ke ruɗa baƙon matuƙi ba, jinkirin amsawa ne. Injin babban jirgi, in an rage masa wuta ƙwarai, yakan ɗauki daƙiƙa shida zuwa takwas kafin ƙarfinsa ya dawo. A cikin daƙiƙa takwas ɗin nan jirgin ya ci fiye da rabin kilomita. Wanda ya saba da farfela zai ga jirgi na yin ƙasa, ya ƙara wuta, bai ji komai ba, ya sake ƙarawa. Kafin ya ankara ƙarfin ya zo gaba ɗaya, ya wuce kima, sai ya koma ragewa. Kullum yana gyaran kuskuren da ya riga ya wuce. Ga shi kuma kujerarsa ta yi nisa da ƙasa, idonsa na gaya masa da saura alhali tayoyi sun kusa taɓawa. Aikin ma na mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na lura da na'urori da rediyo.

An ga haka a zahiri ranar 14 ga Agusta, 2005, kusa da birnin Atina na ƙasar Girka. Matuƙan wani Boeing 737 na kamfanin Helios sun suma saboda ƙarancin iska. Wani ma'aikacin jirgin, mai lasin tuƙi amma ba na irin wannan jirgi ba, ya shiga ya zauna a kujerar kyaftin. Gaskiya ne mai ya kusa ƙarewa a lokacin, saboda haka ba adalci ba ne a ɗora masa laifi. Injunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗi da mutum 121, ba wanda ya tsira.