Waƙa da Alama a Jajibirin Zaɓen Shugaban Ƙasa na 1979



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba rawar da al'ada ta taka a siyasar ƙasar Hausa cikin makonni biyun da suka raba zaɓen gwamnoni na 28 ga Yuli da na shugaban Nijeriya na 11 ga Agusta, 1979. Bayan shekara 13 ta mulkin soja, mutum biyar suka tsaya: Shehu Shagari a NPN, Obafemi Awolowo a UPN, Nnamdi Azikiwe a NPP, Waziri Ibrahim a GNPP, sai Malam Aminu Kano a PRP.

Kowace jam'iyya ta buga manufofinta, amma akasarin masu jefa ƙuri'a ba su karanta boko. Cikinsu kuwa har da matan Arewa, waɗanda a shekarar ne suka fara zaɓen tarayya. Saboda haka sai alama ta tsaya a madadin takarda. Gida da masara na NPN suna yi wa magidanci alkawarin muhalli da abinci. Mabuɗin PRP yana gaya wa talaka cewa akwai ƙofar da aka daɗe da kulle masa. Abin da alama ta faɗa a taƙaice, mawaƙi ya warware shi a dandali, lasifika ta kai shi kasuwa, yara suka shigar da shi cikin gida, inda ɗan takara ba shi da ikon shiga.

Wannan gado ne daga zamanin NEPU da NPC, kuma kaifinsa biyu ne. Waƙar da ke wayar da kai, ita ce ke ɗauke da zambo da habaici. Idan zaɓe ya matso, yabon gwani kan ragu, zagin abokin hamayya ya ƙaru. Magana kuwa zarar bunu ce. Ana gama ƙidayar ƙuri'a cikin 'yan kwanaki, amma baitin da ya taɓa asalin mutum yakan raba zumunci shekara da shekaru. Wannan ciwo ne Waziri Ibrahim ya nemi maganinsa da kiransa na siyasa ba da gaba ba.

Shagari ya yi nasara, aka rantsar da shi ran 1 ga Oktoba. Sai dai ɗalibin da ya tsaya ga alƙaluman zaɓe kaɗai, sakamako kawai ya sani. Mai son sanin abin da talaka ya ji kafin ya jefa ƙuri'arsa, wajibi ne ya tattara waƙoƙin kwanakin nan tun masu haddarsu suna raye.