Daga Kogin Nilu zuwa Badalar Kano

A Masar jiragen ruwa na yawo da baƙi tsakanin Luksor da Aswan, suna tsayawa a tsoffin wuraren bauta na zamanin Fir'auna kamar Edfu da Kom Ombo. Abin da baƙon ke biya shi ne tsararriyar hanya mai masauki da ɗan jagora. Kano ma za ta iya yin haka. Wani zai ce ai Kano ba ta da Nilu. Gaskiya ne, amma mota ta wadatar: a fara daga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, sai Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da Dutsen Dala. Damuwata ita ce badala. Babu baƙon da zai biya kuɗi ya ga ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ana kwashe ƙasarta, ana kafa shaguna a gurbinta.